Ƙanƙarar da Na Yi wa Dariya

Zuwa ga Na-Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta riske ka a Kano cikin ƙoshin lafiya, kafin jirginku ya ɗaga zuwa ƙasar sanyi inda za ka koyi tuƙin jirgin sama. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri. Mu nan Mafara lafiya lau muke, sai godiya.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ƙannenka sun fi ni iya wannan. Abin da ya zaunar da ni da alƙalami shi ne maganar da mahaifiyarka ta faɗa mini bayan mun dawo daga tasha. Ta ce ka shiga mota da nauyin zuciya, wai kana ganin ban yarda da tafiyar nan ba, na so ka zauna ka riƙe gonar rani. Ta ce ka durƙusa gabana ka tambaya ko akwai abin da zan ce maka, ni kuwa na kafa wa kwandon tumatirin wani ido na ce, "Allah shi kiyaye," shi ke nan. Gaskiya ta faɗa, haka na yi. Kai ɗan fari ne, kuma ka san yadda aka raine mu. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa gaban mutane. Tun kana goye mahaifiyata Inna ta ɗauke ka, shi ya sa har yau Na-Inna nake ce maka. Amma ba na so ka tsallaka teku kana kokwanton albarkata. Abin da bakina ya kasa a tasha, bari hannuna ya gwada.

Zan ba ka labarin kurakuraina, domin su ne kaɗai gadon da nake da shi a wannan sana'a. Duka kuwa a kan ƙanƙara suke.

Ka san ni makanikin lori ne a Maradun lokacin da aka fara aikin madatsar Bakalori. Da kamfani ya kawo ƙaramin jirgi mai kujera huɗu don ɗaukar injiniyoyi, sai aka nemi mai wanke fulogi da duba mai, aka ɗauke ni. Direban jirgin wani tsohon Bature ne da muke kira Mai Lofe, don lofen ba ya barin bakinsa ko da babu wuta a ciki. Shi ya ga hannuna yana da sanyi a kan inji, ya dinga zaunar da ni kusa da shi a sama, daga baya ya tsaya mini har aka tura ni makaranta na samo takardar tuƙi. Ranar da na dawo, mutanen unguwarmu suka raɗa mini suna Garba Direban Sama, ni kuma kaina ya yi girman da hula ba ta shiga.

Wata rana da damina muna tsaye a filin saukar jirgi, zufa na zuba, Mai Lofe ya nuna mini wani ɗan mariƙi da ke kusa da totur. Na san shi a makaranta, mariƙin ɗumi ne. In ka ja shi, iska mai zafi daga jikin salansa take shiga kafireta, wato inda fetur da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji. Ya ce in kula da shi, don ƙanƙara tana toshe maƙogwaron kafireta a irin wannan yanayi. Na dube shi, na dubi rana, na fashe da dariya. Na ce masa a ƙasar nan ƙanƙara sai a firjin kantin Turawa, ko wadda take faɗowa da hadari ta ɓarnata gero. Malaman makaranta ma da suka faɗa, na ɗauka karatun ƙasarsu ne suke maimaita mana don a ci jarrabawa.

Bai yi fushi ba. Ya ɗebo fetur kaɗan ya zuba mini a bayan hannu, ya hura. Na ji wurin ya yi sanyi ƙalau. Ya ce da gurguwar Hausarsa, "Garba, kai ji sanyi? Ciki kafireta, sanyi ya fi haka. Iska da ruwa, ruwa zama ƙanƙara. Kai dariya yau. Wata rana kai ba dariya."

Abin haushin, ni makaniki ne, na sha jin sanyin fetur a hannuna tun ina yaron gareji. Na kuma san dalilin da ruwan randa yake sanyi alhali ɗaki na zafi. Amma idona ya ce babu ƙanƙara a Mafara, na kuwa bi idona. To ka ji na farko. In malaminka ya gaya maka abin da ya saɓa wa abin da ka saba gani, kada ka auna shi da garinku. Ka tambaye shi dalili, ka sake tambaya, har sai ya zauna maka. Ƙanƙarar kafireta ba ta jiran sanyi, damshi take so. Ranar da ka ga an kwana ana ruwa, gari ya yi lumshi, rigarka tana manne maka a baya, ranarta ce.

Ba a daɗe ba ranar da Mai Lofe ya faɗa ta zo. Shinkafa ta fara nuna a fadamun Bakura, tsuntsayen jan-baki suka sauka mata kamar hayaƙi. Aka ce in ɗauki malamin gona mu gano inda suke kwana, don jirgin feshi ya san inda zai nufa. Malamin shi ne Malam Mamman na Damri, wanda ka sani, mai kawo mana rake. Bai taɓa shiga jirgi ba sai ran nan. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Muka tashi, na zaga da shi ta kan tafkin madatsa don ya ga ikon Allah, har na nuna masa daidai inda gonar kakanka take kwance a ƙarƙashin ruwa. Daga nan muka bi gulbi muka gangara Bakura. Da muka kusa, na rage totur don mu sauko mu duba itatuwa da kyau.

Ban lura da lokacin da allurar gejin inji ta fara sauka ba, a hankali take yi kamar mai satar hanya. Sai da inji ya yi tari sannan na farga. Malam Mamman ya damƙe gwiwata.

"Garba, mi ya samu abin ga? Ni dai ban son wanga tari nashi."

"Ba komi, Malam," na ce.

Na ƙara totur, bai amsa ba. Na duba mai, akwai. Sai maganar tsohon ta faɗo mini, na ja mariƙin ɗumi. Wallahi ina ja, inji ya ƙara rikicewa. Allura ta sake faɗuwa, jirgi ya hau kakkarwa, tari ya koma kamar na mai shaƙewa. Malam Mamman ya ɗaga murya, "Abin da kat taɓa shi ya ɓata shi! Maida shi yadda kas same shi, don Allah!" Ni ma abin da zuciyata take faɗa ke nan. Na tura mariƙin ya koma.

Nan na yi kuskuren da ya fi na farko. Wannan rikicewar ita ce alamar magani ya fara ci. Ƙanƙara ce take narkewa, inji yana haɗiyar ruwanta, dole ya ƙware kafin ya washe. Da na bar shi a jaye na ɗan jure, da ya dawo daidai. Da na mayar, sai abin da ya narke ya sake daskarewa, maƙogwaron ya toshe gaba ɗaya. Na sake ja daga baya, amma inji ya riga ya mutu, salansa ta huce, babu sauran zafin da za a aika. Shiru ya cika jirgin, ba ka jin komai sai iska da salatin Malam Mamman.

Allah Ya taimake ni da wata doguwar gonar shinkafa. Na saita ta, muka sauka, ƙafafun jirgi suka nutse cikin laka, hancinsa ya dungura. Farfela ta lanƙwashe, ƙafar gaba ta karye, ni na fasa goshi. Tabon da kake gani ke nan, wanda aka ce maka faɗuwa na yi a wurin aiki. Ba ƙarya aka yi maka ba, ba a dai gaya maka daga inda na faɗo ba. Malam Mamman ko ƙwarzane bai yi ba, hularsa kawai ta ɓata. Mai gonar ya iso da gudu da lauje a hannu, ya tsaya yana kallonmu, sannan ya ce, "Sannunku da sauka. Mu da munka kai kukan tsuntsaye, sai anka aiko muna babbansu?" Ya kai mu inuwa, matarsa ta dama mana fura. Har yau in na je Bakura sai na biya na gaishe shi.

Da aka zo aka buɗe injin, ba a sami komai ba. Ƙanƙarar ta narke ta bar ni da kunya. Mai Lofe ya leƙa kafireta, ya dube ni, ya gyara zaman lofensa, ya juya ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka ka riƙe wannan da kyau. In ka ga ƙarfin inji yana raguwa ba dalili, kada ka jira tari. Ja mariƙin ɗumi, ka ja shi duka, kada ka yi masa rabi da rabi. Zai ƙara rikicewa, wanda ke kusa da kai zai ce ka ɓata abu. Cije ka bar hannunka inda yake har inji ya washe. Kuma kafin ka rage totur don sauka a rana mai damshi, ka riga ta, ka ba shi ɗumi tun yana da zafin bayarwa. Ka tuna yadda Inna take matse ka tsakanin gwiwoyinta ta ɗura maka maɗaci, kana ihu tana cewa ɗacin ne maganin. Ban taɓa zaton zan ga gaskiyarta a sararin sama ba.

Na ɗauka korata za a yi. Maimakon haka, da aka tashi ɗauko wani jirgin daga ƙasar Turawa don maye wanda na karya, Mai Lofe ya ce ni zan raka shi mu tuƙo shi tare. A tafiyar nan na yi kuskure na uku, kuma shi ne wanda na fi ji maka tsoro, don na ga halina a jikinka.

Lokacin sanyinsu ne. Mun tsallako teku, muna bin wasu duwatsu masu tsawo kafin mu faɗa hamada, sai muka shiga gajimare. Shi yana tuƙi, taswira a cinyarsa, yana fama da rediyo. Ni ina zaune a dama ba abin da nake yi sai kallo. Can na ga wani farin abu ya fara taruwa a kan siririn ƙarfen awon sanyi da ke jikin gilashi. Na duba ƙarfen da ya tallafi fiffike ta wajena, shi ma bakinsa ya yi fari kamar an shafa masa kanwa. Na san ko mene ne, wannan karon ban yi dariya ba. Amma sai na ce a raina, ai babba ya gani. Wa ya aike ni, ni da na kifar da jirgi a gonar shinkafa, in koya wa mai furfura aikinsa? In na yi magana ya ce ya sani, ina zan sa fuskata? Na haɗe hannuwa na yi shiru, irin shirun ladabi da ake yabon yaro da shi a gida.

Ashe bai gani ba, hankalinsa yana kan taswira. Sai da gudun jirgi ya fara raguwa, sitiyari ya yi nauyi, gilashin gaba ya rufe, sannan ya ɗaga kai. Ban taɓa ganin lofen nan ya bar bakinsa ba sai ran nan. Nan take ya kunna abin ɗumama bututun awon gudu, ya ja mariƙin ɗumi, ya ƙara wuta. Ya kira masu hasumiyar filin jirgi ta rediyo ya gaya musu ƙarara cewa mun ɗauki ƙanƙara, za mu juya. Ya karkata jirgin a hankali, kamar mace mai ɗauke da ƙwaryar nono, muka koma ta inda muka fito, don can mun san babu ita. Da muka bar kan duwatsu ya sauko ƙasa-ƙasa inda iska ta fi ɗumi. Sai ga ƙanƙara tana ɓallewa tana dukan wutsiyar jirgi, kowace ƙara sai na ji ta a ƙirjina. Muka koma filin da muka baro. Ya sauka da gudu fiye da yadda aka saba, bai saki maratayan fiffike masu rage gudu ba, don fiffiken da ya ɗauki ƙanƙara ba a san a wane gudu zai daina ɗaukar jirgi ba.

Da muka tsaya ya kashe inji, ya tambaye ni tun yaushe na gani. Na ce da ɗan jimawa. Ya ce me ya hana ni magana. Na sunkuyar da kai na ce a garinmu yaro ba ya riga babba baki. Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Garba, ni kawo ka don ido biyu naka. Ni da ido biyu, kai da ido biyu. Kai ɓoye naka, mu mutu da ladabi."

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ni na ɗauki kunyar gida na hau sama da ita, ta kusa kashe mutum biyu. Kai kuwa na san ka. Tun kana ƙarami in babba yana magana idonka a ƙasa yake, ko an zalunce ka ba ka ɗaga murya. Mutane suna yaba mini tarbiyyarka, ina jin daɗi a ɓoye. To wannan halin ka ninke shi ka ajiye a bakin ƙofar jirgi, in ka sauko ka ɗauki abinka. A sama, abin da idonka ya gani bakinka ya faɗe shi nan take, ko wa ke zaune kusa da kai. In ya ce ya riga ya gani, ba ka yi asarar komai ba. Ka dinga duba sirarran wurare, can take fara kamawa. Ƙaramin jirgi ba a yi shi don ya zauna cikin ƙanƙara ba, da ka gan ta sai neman hanyar fita, ko baya, ko ƙasa in babu dutse, ko sama in ka tabbata akwai sarari kusa. Ka gaya wa masu hasumiya halin da kake ciki, ba su da sandar dukan kowa. Juyawa ba abin kunya ba ne, mun kwana biyu a garin nan muna jiran gari ya washe, ba wanda ya rage mu da komai.

Wani abu kuma da na gani a can. Da safe za ka tarar raɓa ta daskare a kan fiffike, siririya, kamar ba komai ba. Mai Lofe bai yarda mun tashi ba sai da muka share ta tas, yatsuna kamar za su guntule. In ka ga ba ta sharuwa, ko labarin yanayi bai yi maka daɗi ba, zauna ka sha shayinka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bayan wannan na yi shekaru ina tuƙi lafiya, har idona ya fara gajiya na ajiye da kaina. Ba ni da ƙorafi. Ruwan da ya cinye gonar kakanka shi ne yau yake biyo kwalbati ya shayar da tawa, ina noma alkama da tumatir a lokacin da iyayenmu suke zaman jiran damina. In na ji ƙarar ƙaramin jirgi ina cikin gona, nakan dogara da fartanya in saurari injinsa, in na ji lafiya yake in ci gaba da aikina. Mai Lofe ya koma ƙasarsu tuntuni, ban san ko yana raye ba. Malam Mamman kuwa ya rantse ko Makka sai dai ya bi ta mota, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a kasuwar Talata sai ya ji labarin hularsa.

Jiya da hantsi ina ban ruwa, sai na ga abin da na yi a tasha bai da maraba da abin da na yi a kan duwatsun nan. Na ga damuwa tana taruwa a fuskarka kaɗan-kaɗan tun ranar da takardar makarantar ta zo. Na gani sarai. Na ce a raina ai ya sani, ɗa ba ya rasa sanin zuciyar ubansa. Na haɗe hannuwa na yi shiru irin na mutunci, na bar ka ka ɗauki nauyin ka tafi da shi. Ashe tsohon nan bai gama koya mini ba.

To ga abin da na gani, zan faɗe shi tun da sauran lokaci. Ban taɓa son ka zauna don gona ba, gona tana da ƙannenka. Ranar da takardar makarantar ta zo, na shiga bayan rumbu na yi sujada, na daɗe ban fito ba don kada a ga idona. Duk ranar da ka tsaya a bakin wayar filin jirgi kana kallon jirgina yana tashi, kana ɗan ƙarami riƙe da zanen Inna, ina ganinka, kuma don kai nake karkata fiffike in na zo saitinka. Na yarda da tafiyarka, na sa maka albarka, duniya da lahira. Ban taɓa yin alfahari da wani abu kamar yadda nake yi da kai ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka sa rigar sanyin tun a cikin jirgi. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko rana ta ƙi fitowa. Allah Ya ɗaga ka lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya sa yawan saukarka ya zo daidai da yawan tashinka. Ya kare ka daga ƙanƙarar da ake gani da wadda ba a gani, Ya dawo mana da kai muna raye.

Inna ta rasu, babu mai hararata in na kira sunanka, kuma takarda ba ta da idon da zan ji nauyi. Ni na raɗa maka sunan nan a kunne ranar da aka haife ka, ban sake furta shi ba sai yau.

Allah Ya yi maka albarka, Lawali. Lawali, ɗana.

Ni ne mahaifinka,
Garba